Tauraruwa Mai Wutsiya a Kan Jega

Alhamis, 14 ga Maris 1996, bayan la'asar

Hannuna na hagu ya kumbura, da ƙyar nake ɗaga buta. Jiya aka yi mana allurar maniyyata a Birnin Kebbi, ni da matan Jega cike da bas. Baban Ummi bai je ba. Lauwali ke nan, mijina, ga shi na rubuta sunansa tunda littafina ne kuma ba mai jina. Na yi magana har na gaji, ya ce tireloli biyu na jiran lodi a Aliero. "Allura ba ta gudu, Malama. Albasa ita ka ruɓewa." Wai mako mai zuwa zai je. Dillalin albasa ko a hanyar Makka sai ya tsaya taya buhu.

Ni dai abu ɗaya nake roƙo bayan karɓar ibada, a ba ni kujerar gefen taga a jirgi. Littafi uku na rubuta, na kai mutanena Alƙahira, na kai su Istanbul, amma ni ko Kano sau biyu na je, duka don ganin mai buga mini littafi. Duk garuruwan nan daga rediyo na samo su da tsohon littafin taswira na makarantar da nake koyarwa. Yanzu Shafa'atu, jarumar sabon littafin, duniyar wata take shirin zuwa. Mai bugawa ya ce masu karatu soyayya suke so, ba wata ba. Na ce masa sai ya jira ya ga wanda za ta bari a ƙasa.

An faɗa a rediyo cewa wata tauraruwa mai wutsiya na tafe, za a gan ta da ido ƙarshen watan nan. An kuma faɗi wani abu game da Kano da Katsina da yawan masu mutuwa. Na murɗa tasha.

Asabar, 16 ga Maris, da hantsi

Ya faɗo daga kan tirela jiya. Wai ya hau ya nuna wa masu lodi yadda ake jera buhu, shi da tumbinsa. Bai yi nisa ba, a kan buhuna ya sauka, ya ƙuje gwiwar hannu ya bugi kafaɗa. Dalhatu ƙanensa ne ya kawo shi a babur, su biyun suna ta dariya. Na ce Allah ya ƙara, na dafa ruwa na gasa masa.

Bayan magariba na karanta masa babi na takwas, kamar yadda muka saba. Boko bai shiga kansa ba, amma kunnensa ya fi na duk wani malami da na sani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wagga Shafa'atu taki ba ta cin abinci? Tun babi na shida ban ji ta sa komi bakinta ba." Na ji haushi saboda gaskiya ce. Yau sai na nemo abin da 'yan sama jannati ke ci.

Lahadi, 17 ga Maris, bayan isha

Ciwon kai. Ya ce rana ce ta buge shi. Zafin bana ba dama.

Litinin, 18 ga Maris, bayan azahar

Jikinsa rau da zazzaɓi, kuma wuyansa ya ƙi juyawa. In zai dube ni sai ya juyo da kafaɗu gaba ɗaya. Dalhatu ya je ƙauyensu Karaye ya ɗauko Inna Gudiya, mahaifiyarsu. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shiga ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ta ce, "Hwaɗuwa yay yi, kowa ya gani. A kai mai gidanki Aliero wurin Malam Isiyaku. Mi asibiti tas sani ga ƙashi?"

Gaskiyarta ta wannan fuskar. Daga Neja ma Aliero ake kawo karaya. Malam Isiyaku ne ya ɗora ƙafar Dalhatu shekarun baya, yau ga shi yana buga babur da ita. Mutum ya faɗo daga mota, wuya ya ƙage, ina za a nufa da shi in ba gidan ɗori ba? Haka na faɗa wa kaina, na sake faɗa ina ninke kayansa.

Na tura Ummi da ƙanwarta Fagada wurin mahaifiyata. Inna Gudiya ta tambaye ni dalili, tunda targaɗe ba ya yaɗuwa. Na ce don kada su dame shi da surutu.

Talata, 19 ga Maris, Aliero, bayan magariba

Malam Isiyaku ba ya gari. An zo an ɗauke shi zuwa Maiyama, mota ta kife da mutane. Sai gobe, in ji mutanen gidan. Sun ba mu ɗaki a jerin ɗakunan majinyata, sun shafa masa man shanu a wuya suka naɗe da ƙyalle. Maƙwabcinmu wani Bazabarme ne da cinya ɗaure cikin karare, ya kusa wata biyu a nan, ya san sunan kowace akuya a gidan. Ko'ina warin albasa, bayan katanga rudu ne, rumfunan ajiyar albasa, jere har inda ido ya tsaya.

Na zauna a bakin ƙofa na rubuta shafi biyu a kan Istanbul, inda Shafa'atu ta tsaya kafin tafiyarta. Garin da rabinsa ke wata nahiya, rabi a wata, mutane na shiga jirgin ruwa su je aiki kamar yadda muke shiga bas zuwa Birnin Kebbi. Na rubuta sanyin ruwan, na rubuta tsuntsaye. Shafukan sun yi kyau. A bayana yana nishi, ya ce in rufe ƙofar, haske na sokar masa ido.

Laraba, 20 ga Maris, da asuba

Ya yi amai har ba abin da ke fita. Ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu.

Alhamis, 21 ga Maris, Jega, da yamma

Malam Isiyaku ya dawo jiya da la'asar, ko ruwa bai sha ba ya shigo. Dattijo ne siriri mai manyan hannuwa. Ya kwance ƙyallen, ya bi wuyan da yatsa tun daga ƙeya har gadon baya. Sannan ya sa tafi ya ɗan ɗaga kan. Baban Ummi ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, gwiwoyinsa suka naɗe da kansu. Dattijon ya sauke kan a hankali ya ce da Inna, "Hajiya, wanga ba aikina na ba. Ƙashinai lahiya lau. Ku tahi asibiti yanzu, kada ku biya ko'ina."

Da muka fito neman mota Inna ta ce in ba ƙashi ba ne to iska ce, a wuce da shi Karaye, akwai mai rubutu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Shekara goma sha wani abu ina durƙusa wa matar nan, ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba, jiya a tsakiyar titi, gaban masu lodin albasa, na daka mata tsawa. Na ce wallahi sai dai a bi ta kaina. Dalhatu ya dubi ƙasa, ya ce da direba, "Jega."

Asibiti ya cika ya batse. An kafa rumfuna a fili ƙarƙashin dogon yaro, mutane kwance a tabarmi, yawanci yara. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Zubaida, na koyar da ƙanenta a aji biyar, ita ta karɓe mu. Ta duba shi ta ce, "Sanƙarau na, Malama. Tun yaushe?" Na rubuta kalmar sau ɗaya saboda ita ta faɗa, ba zan ƙara ba. Na ce tun Lahadi. Ta dube ni, ta je ta ɗauko allura mai kauri kamar man gyaɗa ta yi masa a cinya biyu.

Na sani tun Litinin. Rediyo ya lissafa alamomin, ni kuwa ba abin da rediyo ke faɗa da ba na riƙewa. Na fi son ya zama ƙashi, shi ya sa na bi Inna. Haushin da na sauke mata a titi rabinsa nawa ne.

Asabar, 23 ga Maris, da hantsi

Bai farfaɗo ba. Yana numfashi, shi ke nan.

Na kawo ƙaramar rediyona, ina kara ta a kunne don kada in dami mutane. An ce jiya kumbo ya tashi daga Amurka da wata mata a ciki, za a kai ta tashar Rashawa da ke kewaya duniya, ta zauna watanni. Ta haura hamsin, 'ya'yanta uku. Na yi ta tunanin wa ta bar wa girki. An ce a can rana na fitowa ta faɗi sau goma sha shida kafin mu mu ga gari ya waye sau ɗaya. To da wace za a yi salla? Wannan tambayar Shafa'atu ce, sai na samo mata malamin da zai amsa.

Yarinyar da ke tabarmar kusa da mu an fita da ita da safe. Uwarta ta naɗe tabarmar, ta dawo ta ɗauki kwanon da ta manta, ta yi mana sallama kamar mai barin gidan biki. Kafin azahar an shimfiɗa wa wani a wurin.

Litinin, 25 ga Maris, bayan isha

Ta fito. Ga ta can arewa, saman rumfunan, kai kamar dunƙulen auduga, wutsiya ta miƙe ta ratsa sama har sai ka juya wuya kafin ka kai ƙarshenta. Masu jinya sun fito fili suna salati. Wani tsoho ya ce ita ta kawo ciwon, wata ta ce babban mutum zai mutu, wani ya ce ai manyan ba sa mutuwa, mu ne. Ni na san ƙanƙara ce da ƙura, na san ta yi dubban shekaru tana tafe, ba ta san da Jega ba. Na buɗe baki in yi bayani irin na aji, sai na ji ba ni da ƙarfi.

Tun ina yarinya nake son in ga irinta. Na yi wa Baban Ummi alkawarin zan tashe shi mu hau soron Dalhatu mu kalla, ya ce shi dai in da shayi zai hau. Na tsaya ni kaɗai na kalle ta, kuma ta yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Inna ta zo ta tsaya kusa da ni. Tun ranar Laraba ba ta yi mini magana ba. Ta ce, "Ke da kin san abin bisa, wagga mugunya ta?" Na ce a'a, Inna, wucewa kawai take yi. Ta ce to, ta koma ciki.

Talata, 26 ga Maris, da azahar

Allura ta biyu. Zubaida ta ce a yi ta addu'a. Uku aka fitar yau daga rumfarmu.

Alhamis, 28 ga Maris, da hantsi

Na je gida in yi wanka in ɗebo kaya. Jakunkunanmu na alhazai na nan a kan gado, tawa a cike, tasa ba komai ciki sai haramin da na saya masa. Na zauna na yi kuka, kuma don ba mai karanta wannan sai ni, ba duka kukan ne nasa ba. Wani na jirgin ne. Na so in ga yadda gajimare yake ta sama, in ga ko teku na da launin da na ba shi a littafi. Mijina na kwance tsakanin rai da mutuwa ni ina kukan taga. Na ji ƙyamar kaina, na wanke fuska, na koma.

'Yan sama jannati abincinsu a busashe yake cikin leda, sai su zuba ruwa. Gishiri ma na ruwa ne, don na gari zai watse ya shiga ido. Na samo amsar tun makon jiya.

Juma'a, 29 ga Maris, bayan la'asar

Ya buɗe ido! Alhamdu lillahi. Wajen hantsi ina jiƙa masa leɓe sai na ga yana kallona, kallo na mai hankali. Ya ce, "Ruwa." Ya sha, ya riƙe. Dalhatu ya fita da gudu ya sayo ƙosai ya raba wa duk rumfar, har da waɗanda ba sa iya ci.

Inna tana zaune ta bayan kansa, inda take zama kullum don kada a ce ta ƙura wa ɗan fari ido. Sai ta sunkuya ta ce, "Lauwali." A hankali ta faɗa, amma ni da ke wajen ƙafafunsa na ji, Dalhatu ma ya ji har ya saki ledar hannunsa. Shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa ba. Ta sake cewa, "Lauwali, sannu." Bai waiga ba. Idonsa na kan rufin rumfa yana bin wani ƙadangare. Inna ta gyara lulluɓi ta ce barci ne bai sake shi ba.

Lahadi, 31 ga Maris, da yamma

Ya zauna da kansa, ya sha kunu. Wuyan ya fara saki. Magana yake da ƙarfi kamar yana ciniki a tasha, har masu jinya na waigowa. Ya ce akwai injin niƙa a cikin kansa, dare da rana. Ya ce da ni, "Don mi kowa ka yi min raɗa? Ban mutu ba, ku yi magana!" Na ɗaga murya na ce sannu. Ya dubi bakina ya ce, "Kin gani? Ke ma."

Zubaida ta zagaya bayansa ta saki faranti a kan siminti. Yaron da ke can ƙarshen rumfa ya firgita ya fashe da kuka, amma Baban Ummi ko waigowa bai yi ba. Ta ja ni waje ta ce ciwon kan yi haka, wasu yakan dawo musu kaɗan, wasu ba ya dawowa. Na ce da an kawo shi da wuri fa? Ta ce, "Malama, ki gode Allah shina da rai." Ba abin da na tambaye ta ke nan ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da safe

Wata ya yi zazzaɓi daren jiya, ya koma ja kamar garwashi. Ni na san zai faru, an faɗa tun farkon mako, inuwar duniya ce ta faɗa masa. Garin Jega bai san da wannan ba. Yara sun fito da gwangwani da tasoshi da turame, masallatai suka kama kabbara, karnuka suka ɗauka. Duk wanda ke iya tashi a rumfar ya tashi. Shi ya yi barcinsa har asuba, ya farka ya ce bai taɓa samun dare mai daɗi irin wannan ba.

Tauraruwar ta dushe, ta koma yamma. Ban ƙara nemanta ba.

Asabar, 6 ga Afrilu, bayan azahar

An sallame mu. Yana tafiya yana tangaɗi, sai da Dalhatu ya riƙe shi har ɗaki. Mutane na ta shigowa barka, yana ta amsa abin da ba a tambaye shi ba. Shi a ganinsa allurai ne suka toshe masa kunne, in ya yi ƙarfi za su buɗe. Ya sa an ɗiga masa man zaitun. Ba wanda ya musa masa, kuma ko mun so, ta wace hanya?

Maganar da ake ta yi a gari ta tabbata a rediyo. Saudiyya ta ce bana ba ta karɓar alhazan Najeriya saboda ciwon nan. Matan da muka yi allura tare sun zo suna share hawaye, wata ta sayar da shanunta, wata ta riga ta yi bankwana da dangi har Yawuri. Na taya su jimami da baki. A raina ban ji komai ba, ko ɗis. Na ɗora jakunkunan a saman kwaba na rufe su da tsohon zane.

Inna ta koma Karaye. Da za ta hau babur ta kama hannuna ta riƙe.

Lahadi, 7 ga Afrilu, bayan magariba

Babi na tara na nan rabi. Na ɗauko, na mayar.

Talata, 9 ga Afrilu, bayan isha

Yau ya ce a fitar masa da tabarma tsakar gida, ɗaki ya ishe shi. Masallacin unguwa katanga ɗaya ce tsakaninmu, lasifikarsa a kan dogon ƙarfe take, bakinta ya dubi tsakar gidanmu. In Malam Tamu ladan ya kama kira har kwanukan kwaba na amsawa.

Ina zuba ruwa a buta Malam Tamu ya ɗaga kiran la'asar. Yana tsakiyar shahada Baban Ummi ya kira ni da wannan muryar tasa ta tasha. "Malama! Zo nan. Malam Tamu rasuwa yay yi kunka ɓoye min? Raɗa na san ba ni ji, amma wagga lasifika ko gawa tana ji. Tun da nid dawo ba a yi kira ba ko sau guda. Shi ma ciwon ya ɗauke shi?"

Na tsaya da buta a hannu. Kiran na ta zuba a kanmu. Na girgiza kai. Ya ce, "To mi?" Na ajiye butar, na nuna masa lasifikar, na ɗaga hannuwana biyu na kai kunnuwana yadda ladan ke yi, na buɗe baki. Ya dubi ƙarfen. Ya dubi kajin da suka watse zuwa gindin rijiya kamar kullum. Ta ƙofar zaure ana hango maza na wucewa suna gyara hula, ya bi su da ido har na ƙarshe ya shige.

Ya sa ɗan yatsa a kunnen dama ya girgiza, ya cire ya duba, ya goge a riga. Da ya yi magana, a karon farko tun da ya farfaɗo muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, da ƙyar na ji.

"In lokaci ya yi, ki riƙa taɓa ni."

Na miƙa masa butar. Na taɓa shi da magariba, na taɓa shi da isha.